Turakun Babayo

Kwana tara Babayo ya yi a Abuja, amma da ya sauka a tashar Nguru sai da ya tambaye ni hanyar unguwarmu. Na nuna masa. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, kuma haƙƙin maƙwabci ne a nuna masa ƙofarsa idan ya manta.

Ni tela ne. Shagona yana bakin kasuwa, kuma a kan bencin ƙofar shagon ake yanke wa kowa hukunci a unguwar. A nan Babayo ya zauna washegari, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya ce mu mutanen Nguru muna zaune a kan arziki muna hamma.

"Wane arziki?" in ji Abbo, wani tsohon masunci da ke zuwa ɗinkin tarunsa a inuwar shagona.

"Tafiya," in ji Babayo. "A bayan Abuja akwai wata madatsar ruwa. Ran Asabar sai manyan mutane su ajiye motocinsu, su goya jaka, su kama tafiya a ƙasa a gefen ruwan. Tattaki ake ce masa."

"Zuwa ina?"

"Ba zuwa ko'ina. Su zagaya su dawo inda suka tashi."

"Wani abu ne ya ɓace musu?"

"Ba abin da ya ɓace."

"Motocin ne suka lalace?"

"Lafiyarsu lau."

Abbo ya ciji zare ya tofar. Ya ce, "Allah ya ba su lafiya."

Da maganar ta tsaya a benci da ba abin da ya faru. To a makon ne aka sanar a rediyo cewa wata ƙungiya ta masu son fadama da tsuntsaye a Gashua tana neman jagora ɗaya a Nguru, wanda zai riƙa zagayawa da baƙi a bakin tafki. Akwai albashi, akwai kaki, akwai sabon babur. Sharaɗin ɗaya ne: mai son aikin zai jagoranci shugabar ƙungiyar, Hajiya Rahima, da mutanenta a fita ta gwaji.

Shekara shida Babayo yana tuƙa keke mai ƙafa uku na Alhaji Taufiq, kuma da shi yake ciyar da matarsa da 'ya'ya uku. A ranar da ya ji sanarwar ya je ya dire makulli a gaban Alhaji, a gaban mutane.

"Wanda ya ga Abuja ba ya tuƙa ƙafa uku, Alhaji."

"Ka bari a ba ka aikin tukuna mana."

"An ba ni. Su ne dai ba su sani ba."

Kafin la'asar Alhaji ya miƙa wa wani makullin. Kafin magariba kuma ina jiyo muryar Yagana, matar Babayo, ta saman katanga.

"Baban Sadiya, ka saki reshe ka kama ganye. Kai da ko masallacin unguwa a keke kake zuwa, kai ne za ka koya wa mutane tafiya?"

"Ilimin tafiya daban, tafiya daban."

"To ilimin tuwo ma daban ne. Shi za mu ci gobe."

Ni ya kawo wa ɗinkin rigar aiki. Ya zana mini ita a bayan kwali, 'yar shara mai aljihu goma sha ɗaya. Na ce me za a zuba a ciki? Ya ce jagora ba ya bayani, jagora nuni yake yi. Na ɗinka. Duk shekarun da na yi a kan keken ɗinki ban taɓa yin rigar da aljihunta ya fi ta yawa ba sai wannan.

Daga nan ya sari turaku saba'in, ya fere su, ya shafa wa kowanne fenti ja da fari a ka. Da su zai shata hanyar, daga ƙarshen gari, ta cikin gonakin rani, ta bi gaɓar tafki har gindin wata tsohuwar kuka, ta zagayo. Ya kuma sa aka rubuta allo da manyan baƙaƙe: HANYAR BABAYO.

Abbo ya dubi turakun da aka jingina a jikin shagona suna bushewa. Ya daɗe yana dubansu.

"Babayo, ka sake launi."

"Ja da fari shi ne launin duniya, Baba Abbo."

"Ka gaya wa masu gonakin?"

"A Abuja ba a neman izinin manomi."

"A Abuja akwai albasa?"

Babayo ya kwashi turakunsa ya wuce, don jagora ba ya bayani.

Abin da kowa ya sani a ƙasarmu, ban da wanda ya yi kwana tara a Abuja, shi ne ma'anar turke mai jan kai a cikin gona. Duk inda manomi ya wayi gari ya gan shi, ya san an zo shata burtali ke nan, hanyar shanu, kuma gonarsa ce za ta biya. Ga shi kuma shekara bakwai ana jan magana tsakanin manoman bakin tafki da makiyaya a kan inda shanu za su bi su sha ruwa. An zauna gaban Bulama, mai garin yankin, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kullum a tashi baram-baram.

Ran Litinin Babayo ya sa rigarsa mai aljihu, ya kafa malafa, ya saƙala biro a kunne. Ɗan acaɓa ya ɗauka, suna tafe yana sauka yana kafa turke yana hawa. Tattakin nan na kilomita bakwai, ko taku ɗari bai yi da ƙafarsa ba. Manoma suka hango shi daga nesa da littafi a hannu, suka ce shi ke nan, ma'auna sun iso. Shi kuwa ya dawo gida ya kwanta kwana huɗu, wai bayansa ya riƙe.

Abin da ya faru a kwana huɗun nan daga baya muka ji shi. Babagana mai albasa ya tarar da turaku tara a tsakiyar fangalinsa. Bai kai ƙara ba, bai ɗaga murya ba. Ya tumɓuke su a hankali, ya kai su can gefen iyakarsa da Malam Abdulbaƙi mai tattasai, ya kafa su tsaf, har da taka ƙasar gindinsu. Malam Abdulbaƙi ya zo ban-ruwa ya gan su, ya yi salati, ya ƙara musu gaba. Na kusa da shi ma haka. Kowa na ture turke daga gonarsa zuwa kan iyaka, daga iyaka zuwa wata iyakar, har suka gangara wajen maƙwabcin ƙarshe, wato kacalla, doguwar ciyawar nan da ta cinye bakin tafki. Ita ba ta da bakin ƙorafi, sai turakun suka zauna a wurinta.

A can gefen daji kuma Hamajoɗa, wani makiyayi mai shanu fiye da ɗari, ya ga jan kai na farko a bakin hanya. Ya bi na biyu, ya bi na uku. Ya ɗaga hannu sama ya yi godiya, ya koma ruga ya ce a shirya, ran Asabar za su fara bin sabon burtali.

Ran Asabar da hantsi motar Gashua ta iso. Hajiya Rahima ta sauko da littafi a hannu, mace mai ƙarancin magana, irin waɗanda in sun yi shiru kai ne za ka fara tuhumar kanka. Mutum goma sha biyu ne tare da ita, malamai da ɗalibai, kowa da farin kambas da madubin hangen nesa a wuya. Ni ma ina wurin, don Babayo ya naɗa ni mataimaki ba tare da ya tambaye ni ba.

Ya tsaya a gindin allonsa, aljihu goma sha ɗaya duk sun kumbura. Akwai tocila, akwai dabino, akwai igiya, akwai man zafi, aljihu uku kuma garin rogo ne zalla, wai guzurin gaggawa. Ya busa usur.

"Doka ta ɗaya, turke shi ne shugaba. Inda ya nuna, nan za a bi. Doka ta biyu, ba a tambayar jagora. Doka ta uku, in hatsari ya taso jagora ne na ƙarshen fita. Haka ake yi a Abuja."

Hajiya ta rubuta.

Ba mu yi nisa ba ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya cak. Ya nuna wani tsuntsu a gefen kududdufi, ya rage murya.

"Kun yi sa'a. Wannan daga Jamus yake. Kwana arba'in yana tashi bai sauka ba. Ku dubi ƙafarsa, alamar masu bincike ce aka ɗaura masa."

Madubai goma sha biyu suka tashi. Sai ga wata tsohuwa ta fito daga bayan zana da tsintsiya.

"Kai, ku bar tsorata mini agwagwa, ƙwai take yi. Tsumman ƙafar nan ni na ɗaura don kada ta haɗu da ta maƙwabta."

"Iya, asalinta dai daga Jamus ne."

"Asalinta daga kasuwar Jajimaji ne. Ni na sayo uwarta."

Hajiya ta rubuta.

Da muka shiga gonaki sai hanya ta fara wani irin hali. Turke ya nuna gabas, mu yi taku ashirin, na gaba ya nuna arewa. Muka zagaye gonar albasa ta gefe uku, muna taka kan iyaka ɗaya bayan ɗaya kamar masu bin gawa. Babagana na tsaye a tsakiyar fangalinsa, ya dogara da fartanya, fuskarsa fes, ya tarbe mu da gaisuwar Barebari.

"Wushe, wushe, sannunku da aiki. Allah ya taimaki hukuma."

Babayo ya tsaya ya dubi turken, ya dubi littafinsa, ya sake duban turken. Na ga zufa ta tsattsafo masa a ƙarƙashin malafa. Na matsa na ce a hankali, "Nan ka kafa su?"

"Ba a tambayar jagora."

Wani malami mai jiki a cikin baƙin, Malam Nuraini, ya ce yana haki, "Jagora, me ya sa hanyar take ta lanƙwasa haka?"

"Da gangan ne. Miƙaƙƙiyar hanya ƙafa kaɗai take motsawa. Wannan har ƙugu."

Turke na talatin yana tsakiyar hanyar ruwan ban-ruwa. Muka tsallaka. Na talatin da biyar yana bayan injin wani, muka sha hayaƙi. Daga na arba'in ƙasa ta fara laushi, tana riƙe takalmi tana saki da ƙara. Fararen kambas suka koma launin ƙosai. Kacalla ta tashi dama da hagu har ta fi tsayinmu, hanya ta zama siririn lungu da masunta ke bi, sauro kuwa ya karɓe mu hannu bibbiyu.

"Wayyo, takalmina!" in ji Malam Nuraini. Ya tsaya da ƙafa ɗaya, ɗayar safa ce kawai.

"Kada ka damu," in ji Babayo. "A Abuja har da gangan ake cirewa."

"Jagora," in ji Hajiya Rahima, kuma wannan ce maganarta ta farko, "ina kukar da ka ce za mu huta a gindinta?"

"Tana gaba kaɗan, Hajiya."

Kukar tana bayanmu. Ni ina hango kanta ta saman ciyawa, tana ƙara nisa.

Lungun ya ƙare a bakin buɗaɗɗen ruwa. A nan muka tarar da sauran turakun, wajen ashirin, an kafa su cunkus wuri ɗaya a cikin ruwa, jajayen kawunansu kaɗai ke leƙowa. Manomin ƙarshe ya gaji da jerawa ke nan.

Muna tsaye muna kallonsu sai muka ji ƙasa na motsi. Da farko kamar injin nesa. Sannan muka ji kacalla na karyewa, sannan muka ji kuka, irin wanda duk ɗan Nguru ya san mai shi. Na waiwaya. Ƙahoni ne cike da lungun, iyakar ganina, farare da jajaye, suna tahowa a natse, turke bayan turke.

Hamajoɗa na gaba da sanda a kafaɗa. Da ya ga riga mai aljihu da malafa da biro sai ya cire takalmi ya durƙusa a cikin taɓo.

"Miyetti, ranka ya daɗe, mun gode! Shekara bakwai muna nema. Kai ne ka shata?"

Babayo ya dubi Hajiya, ya gyara tsayuwa. Yabo ne, kuma bai taɓa barin yabo ya wuce shi ba.

"Ni ne. Amma wannan hanyar mutane ce."

"To ai mu ma mutane ne, ranka ya daɗe. Shanun ne dai suke jin ƙishi."

"Ka mayar da su!"

Hamajoɗa ya waiwaya ya dubi lungun, ya dubi shanu ɗari da suka ji ƙanshin ruwa. Ya ce cikin ladabi, "Ta ina?"

Mu dai muka kutsa cikin kacalla dama da hagu, muka maƙale, matsattsaku suna gaisawa da ƙafafunmu. Babayo kuwa ya tsaya a tsakiyar hanya ya ɗaga hannu kamar ɗan sandan kan titi, ya busa usur da dukan ƙarfinsa. Bijimin da ke gaba, wani baƙi mai tozo kamar tulu, ya tsaya. Ya karkata kai. Ya yi huci sau ɗaya.

Ban taɓa sanin Babayo na da gudu ba. Ya juya ya faɗa ruwa, ya nufi turakunsa, taku biyar ya yi na shida ya ƙi fitowa. Taɓo ya riƙe shi, ruwa ya kawo masa ƙirji. Ya rungumi turaku biyu ya tsaya.

Shanu suka gangaro suka kewaye shi suna sha, ba wadda ta kula shi. Can garin rogon da ke aljihu uku ya sha ruwa ya fara tashi. Muna kallo rigar ta kumbura, ɗinkina ya yi iyakar ƙoƙarinsa, sannan ya ce ɓarr. Wata saniya ta sansana, ta sa harshe. 'Yan'uwanta suka ga tana lasa suka matso. Wata kuma ta ɗauke malafar ta tafi da ita tana tauna.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa," in ji Babayo daga tsakiyar shanu. "Komai yana tafiya bisa tsari."

Hajiya Rahima, ruwa har gwiwa, ta ɗaga littafinta sama ta rubuta.

Sai ga kwale-kwale ya ɓullo daga bayan ciyawa, Abbo a tsaye yana tura shi da sanda, ba gaggawa.

"Baba Abbo!" na ce. "Allah ne ya kawo ka."

"Tun safe nake nan. Na ga inda turakun suka ƙare tun shekaranjiya, na ce duk mai binsu nan zai zo."

Uku-uku ya riƙa kwasarmu. Ni na shiga tare da Hajiya da Malam Nuraini. Muna tafe Abbo ya ce mu yi shiru, ya ratsa ta wata kafa a cikin kacallar, sai ga fili, ruwa kwance, tsuntsaye kamar an zuba. Ya nuna mana kirinjijiya, ya ce da yamma take tashi kiwo. Ya nuna zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, ya ce duk inda ka gan shi ruwan bai kai ƙugu ba. Ya nuna dinya, da wasu ƙanana masu dogon baki da ya ce baƙi ne, da sanyi suke zuwa, kafin zafi su tafi, kuma bana sun riga bara da mako biyu. Malam Nuraini ya manta ba shi da takalmi. Hajiya ta cika shafi uku.

"Baba Abbo!" Muryar Babayo ta biyo mu ta kan ruwa. "Ni fa?"

"Doka ta uku," in ji Hajiya, ba ta ko ɗaga kai ba.

Sai bayan azahar aka zo kansa. Kafin nan labari ya kai gari, gaɓar tafki ta cika: manoma, masunta, 'yan acaɓa, matan unguwa, har Bulama da kujerarsa. Mutum huɗu suka ja shi da igiyar da ke aljihunsa, wadda ita kaɗai ce ta yi amfani a cikin kayan. Ya fito ba malafa, ba takalmi, rigar saura wuya da aljihu biyu. Yagana na tsaye a gaba da goyo. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu da ilimi, Baban Sadiya."

Ya hau matse ruwa daga guntun rigar. Ni kam a nan ya ba ni tausayi, don na san abin da ke tukunyar gidansa, kuma na san ba keke.

Da ya farfaɗo sai ya ce maƙiya ne suka yi masa zagon ƙasa. Bulama ya ce a faɗi wanda ya taɓa turaku.

"Ni daga gonata kawai na matsar," in ji Babagana.

"Ni ma daga tawa," in ji Malam Abdulbaƙi.

Haka suka yi ta faɗa har mutum goma sha huɗu. Bulama ya shafa gemu. Sannan ya ce, "To shanun nan da suka wuce, albasar wa suka taka?"

Aka dubi juna. Ba kowa.

"Tattasan wa suka ci?"

Ba kowa. Kowane manomi da hannunsa ya kai turke inda ba zai cuce shi ba, shanu kuma suka bi turke, suka fi mu bin doka ta ɗaya.

"Shekara bakwai ina neman hanyar nan," in ji Bulama. "Kada wanda ya sake taɓa turke ko ɗaya."

Hajiya Rahima ta rufe littafinta. Ta ce wa Babayo sun gode da motsa ƙugu. Sannan ta juya wajen Abbo ta ce aikin nasa ne in yana so, da albashi da kaki da babur.

"Babur ɗin yana iyo?" in ji Abbo.

"A'a, Baba."

"To a kawo dai. Na koya."

Allon yana nan har yau a ƙarshen gari. Wani ya goge kalmar farko ya rubuta wata, yanzu BURTALIN BABAYO ake karantawa, kuma haka kowa ke kiransa har Gashua. Babayo ya koma wurin Alhaji Taufiq, Alhaji ya ce wanda ya ga Abuja ai ba ya tuƙa ƙafa uku. Duk da haka in ya zauna a bencina yakan gaya wa baƙo cewa hanyar da ya shata, ɗaruruwa ke binta kullum safe da yamma. Ba ya dai faɗin ƙafa nawa-nawa gare su.

Yanzu kullum da sassafe yake fita neman aiki, a ƙasa. Ya bi tasha, ya bi kasuwar kifi, ya bi 'yan hatsi, ya zagayo ta bakin layin dogo, la'asar ta dawo da shi inda ya tashi. Jiya Abbo ya tsaya a ƙofar shagona da kakinsa, yana tura babur ɗin da har yanzu bai yarda ya hau ba. Ya hango Yagana za ta ɗebo ruwa, ya tambaye ta maigidan.

"Ya tafi tattaki, Baba."

Abbo ya gyaɗa kai.

"To wannan tattakin na gane shi," ya ce. "Wannan kam akwai abin da ya ɓace."